Tambayar da Ban Yi wa Surukina Ba

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa wa farar hula mulki, aikina shi ne tambayar mutane abin da ba a tambaya. Ni nas ce a lokacin, kuma wani likitan ciki a asibitinmu ya fara bincike a kan gyambon ciki, wanda kowa ke ce wa olsa. Yana son ya gane waɗanda ƙwayar magani kaɗai za ta ishe su, da waɗanda sai an zura musu roba mai 'yar fitila ta baki an leƙa cikinsu. Robar guda ɗaya ce tak, masu ciwon kuwa sun cika baranda, don haka takarda ce ke raba su. Ni ce ɗaya daga cikin masu cike takardar.

Tambayoyin suna da yawa, amma uku na ƙarshe su ne ke yanke hukunci: ko mutum yana aman jini, ko yana ramewa, ko bayan gidansa ya koma baƙi kamar kwalta. Duk wanda ya ce e a ɗaya daga cikinsu, a makon za a leƙa cikinsa. Wanda ya ce a'a sai a ba shi magani ya tafi gida, a riƙa bibiyarsa duk bayan mako biyu. Likitan ya sha nanata mana cewa ta ƙarshen ce ta fi ɓuya, don jini kan yi ta zuba a cikin mutum yana harkokinsa, ba wanda ya sani sai shi da masai.

Ni ba na jin nauyin wannan tambaya, har taƙama nake da hakan. Na yi wa alhazai masu babbar riga ita, na yi wa wani tsohon alƙali da ya ƙura wa silin ido kafin ya amsa. In mutum ya fara kame-kame sai in ajiye biro in ce masa ni ba sauri nake ba, mutanen da ke bayansa a layi ne ke sauri. Abokan aikina suna tsokanata wai ranar da aka yi rabon kunya ina bakin aiki.

A gida kuwa wata mace ce daban. Ina aure a unguwar Kabara, a gidan gado mai zaure biyu, tare da iyayen mijina. Surukina, wanda muke ce wa Baba, turare yake sayarwa a kasuwar Kurmi. Shekara huɗu ina gidan ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na ji gyaran muryarsa a zaure sai in zare takalmi in durƙusa, kaina a ƙasa, har ya wuce. Na fi sanin ƙafafunsa a kan fuskarsa. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba, in yana da saƙo sai ya ce wa Hajiya, surukata, a gaya wa mutanen ɗakin kudu, wato ni. Kada a ɗauka ƙiyayya ce. Duk Juma'a sai ya aiko mini da 'yar kwalbar turare, kuma ina jin daɗin wannan girma da muke ba juna. Mijina kuma shi ne ɗan fari, don haka tsakaninsa da Baba gaisuwar safe ce kawai da sa albarka, ba sa zama wuri ɗaya su yi hira.

Baba ya daɗe yana fama da ciki. Kanwa yake jiƙawa ya sha, ga ƙwayoyin ciwon gwiwa da yake saya a kemis yana haɗiya kamar gyaɗa. Layin asibiti kuwa ya ce ba da shi ba. To binciken ya yarda a bi dattawa gida a cike musu takarda, sai dai an hana ma'aikaci ya cike wa danginsa. Na san dokar sarai. Na ce a raina ai ba sunan gida ɗaya muke amsawa ba, ba mai ganewa. Ina son ya samu maganin kyauta, wannan gaskiya ne. Amma ina kuma son gwaggonnin mijina, masu cewa matar gidan nan kullum tana titi da farar riga, su ga amfanin farar rigar.

Ranar wata Asabar da hantsi muka zauna. Baba yana cikin ɗakinsa bayan labule, Hajiya tana bakin ƙofa, ni ina kan tabarma a waje da takarda a cinya. In karanta wa Hajiya, ta maimaita masa, duk da yana jina sarai, shi kuma ya amsa mata ta maimaita mini. Abin ya tafi daidai, har da raha. Da aka zo kan goro ya ce a gaya wa likitan goro ya girme shi. Aman jini, ya ce Allah ya kiyaye, babu. Ramewa kuwa Hajiya ce ta amsa da kanta, ta ce haka yake tun yana saurayi. Saura ɗaya. Na matsa kusa da ita na raɗa mata a kunne.

Ta janye jikinta ta dube ni sama da ƙasa. "Ke 'yar nan, ni zan faɗa masa wannan? Shekara arba'in ban taɓa ba. Rubuta lafiya lau."

Labulen nan atamfa ce falle ɗaya. Da na ɗaga murya kaɗan da ya ji ni. Na buɗe baki, sai na hango babban yatsan ƙafarsa ta ƙasan labule, na fasa. Na sa biro na yi alama a kan a'a. Baba ya tambayi Hajiya ko an gama, ta ce an gama, ya ce a yi wa mutanen ɗakin kudu godiya.

Ranar Litinin takardarsa ta shiga jerin masu shan magani a gida. Makon farko abin ya yi kyau, zafin ƙirjin ya lafa, har ya aiko mini da turaren da ya fi na kullum tsada. Na saki jiki. Na ce wa kaina ai mafi yawan masu ciwon nan a'a suke cewa, to me zai sa nasa ya bambanta.

Sai dai takardar bibiya ita ma tana ɗauke da wannan tambaya. Duk mako biyu sai ta dawo ta same ni a kan tabarmar nan, duk mako biyu sai in tsallake ta in yi alama a kan a'a. Ta biyun ta fi ta farko sauƙi, wannan shi ne abin da ya fi ba ni tsoro da na waiwaya. Na riga na ɗaure kaina. In na rubuta e, ban tambaya ba. In na bar wurin babu komai, likita zai kira ni ya ji dalili.

Ruwa ya sauka, lungunanmu suka cika da taɓo, hotunan 'yan takara suka jiƙe suna saɓulowa daga bango. Lokacin kowa ya samu baki. Rediyo ba ta da aiki sai mutane suna faɗa wa sababbin shugabanni abin da ke ransu, a dakalin ƙofar gidanmu ma har sabon kansila ake tsarewa a kan kwata. Ina jin su in zan wuce, haushi yana kama ni, don ni a cikin gida kalma biyar sun gagare ni.

A wannan daminar na fara ganin abubuwa. Ni ke kwashe kwanon Baba, sai na ga malmalar tuwo tana dawowa an ɗan gutsuri gefenta kawai. Mutumin da ke takawa Kurmi da ƙafa ya koma hawa acaɓa. In ya dawo daga masallaci sai in ji takunsa ya tsaya a zaure na biyu, ya daɗe, sannan ya shigo. Da na durƙusa gaishe shi sai in saci kallon ƙafarsa, in ga faratan sun yi fari. Na san ma'anar wannan. A asibiti da na ga irin faratan nan da tuni na ja fatar idon mai su na duba, na tura shi gwajin jini. A gida sai in ce ina kwana, ya ce lafiya lau, in tashi.

Mijina na fara samu. Yana shan koko na zayyana masa komai, har da ƙaryar da na rubuta. Ya ajiye ludayi ya ce in dai wannan ce tambayar, gara in ce ya ɗauko mini dutsen Dala a ka. Na matsa masa, ya tafi gaisuwa, ya ɗan jima fiye da kullum, ya dawo ya ce Baba ya ce alhamdu lillahi. Raina ya ɓaci, na gaya masa maganganu, na ce namiji guda da gemunsa ya kasa buɗe baki a kan ran ubansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ni da ake biyana albashi a kan tambayar ma na kasa. Na kwana biyu ba na kula shi, alhali gaskiya ya faɗa.

Na koma wa Hajiya. Ta ce Baba bayinsa daban, shi ke ɗaukar butarsa, kuma rami ne, ko ta shiga me za ta gani. Ta ce in daina jawo wa mutum ciwo da baki. Amma da na juya zan fita sai ta tambaye ni, murya ƙasa-ƙasa, ko akwai abin da za a ƙara masa a kunu. Ita ma tana ganin kwanon.

Daga nan dabara ta zo mini, na kuma ɗauka na gama da matsalar. Baba yana da taubashi a Dala, wani tsohon baduku da babu abin da ba ya gaya masa, don tsakaninsu wasa ne tun suna yara. Na tashi aiki na bi ta can, na same shi yana yankan fata, na yi masa bayani dalla-dalla. Ya yi dariya har hularsa ta faɗi, ya ce in bar masa. Na roƙe shi ya ja Baba gefe su biyu, ya ce to. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya zo, ni kuma na laɓe a bayan zaure. A gaban mutum wajen shida ya ɗaga murya ya ce an aiko shi daga gwamnati ya binciki launin abin da mai turare ke ajiyewa a masai. Baba ya ce fari ne tas kamar haƙoran mai tambaya. Badukun kuwa haƙori uku gare shi, duk goro ya rine su. Zaure ya kaure da dariya. Da zai tafi ya leƙo ya ce mini in kwantar da hankalina, mutumin da ke iya ba da amsa haka ba ya kusa da mutuwa. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado, ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba.

Hanya ɗaya ta rage, kuma na san ta tun ranar farko. Akwai namiji a cikin masu cike takardar, da na ce ya zo gidanmu da cikin minti biyar ya gama. Amma zuwansa yana nufin likita ya san na sa surukina a bincike, na kuma ƙirƙiri amsa har sau shida. Na ga yadda ya yi da wata abokiyar aikinmu da aka kama tana kintatar shekarun mutane: ya ware takardunta gaba ɗaya, ya ce ba zai gina komai a kansu ba. Na riƙa gaya wa kaina wai ina tausayin sauran marasa lafiyar da na cike wa, kada wahalarsu ta tashi a banza. Ƙarya nake. Kaina nake ji, da aikina, da sunan da na yi na wadda ba ta tsallake tambaya. Kullum in fita da niyyar yau zan faɗa, in ga likita a baranda, in gaishe shi in wuce. A asibiti ina tsoron gida, a gida ina tsoron asibiti, a cikin tasi ne kaɗai nake samun sararin numfashi.

Wata uku aka yi a haka. Ranar da abin ya ƙare ina hutu, mijina yana wurin aiki, Hajiya ta tafi ta'aziyya wajen Ƙofar Ɗan Agundi. Bayan azahar na ji takun Baba ya tsaya a zaure na biyu kamar kullum. Na jira ya shigo, shiru. Na leƙa, sai na gan shi zaune a ƙasa ya jingina da bango, yana numfashi da baki. Na ɗebo ruwa na durƙusa na miƙa masa. Da ya buɗe hannu zai karɓa na ga tafinsa fari fat, ko layukan cikinsa babu ja.

Ba jarumta na yi ba. Babu kowa ne a gidan da zan tura, shi ke nan. Na juya fuskata ga bango, na ce, "Baba, ku yafe mini. Akwai tambayar da ban yi muku ba. In kun zaga, abin da ke fita baƙi ne?"

Na ɗauka zai tashi ya bar ni a wurin.

"Tun kafin ruwan farko," ya ce.

"Kamar kwalta?"

"Haka." Ya kurɓi ruwan, ya ajiye kofin a hankali. "Ai na zaci yana cikin takardar. Na ga ana ta rubutu, na ce likita ya sani, shi ya ce a ci gaba da shan ƙwaya."

Babu zargi a muryarsa ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo. Wata uku yana ganin wannan abu da idonsa, yana jin tsoro shi kaɗai, yana kwantar wa kansa da hankali da cewa surukarsa ta asibiti ta rubuta.

Na samo maƙwabta biyu suka riƙe shi har bakin titi, muka hau tasi. Aka kwantar da shi, aka fara neman jini, ni kuma na wuce ofishin likita tun kafin zuciyata ta sauya. Na faɗa masa duka a tsaye. Bai yi faɗa ba, na so ma a ce ya yi. Ya tambaye ni mutum nawa na yi wa haka, na ce shi kaɗai. Ya ce ya yarda da ni, amma bincike ba ya tafiya da yarda, don haka za a sake bin duk wanda na cike wa a tambaye shi daga farko. Ya karɓi takardun da ke hannuna, ya ce daga gobe in koma ɗakin marasa lafiya.

Da jikin Baba ya ɗan yi ƙarfi aka zura robar. Ina tsaye a waje tare da mijina. Likita ya fito ya ce ba gyambo ne kaɗai ba, akwai ƙari a cikin, shi ke zubar da jinin, kuma ya yi nisa. Da gwajin naman da aka gutsuro ya dawo aka tabbatar ciwon daji ne. Na bi likitan har bakin motarsa na tambaye shi ko wata ukun nan da sun canja wani abu. Ya ce bai sani ba, kuma ba zai ce mini a'a don kawai in samu barci ba. Da wannan amsar nake zaune har yau.

Aka sallamo Baba muka dawo gida da magunguna, likita ya ce a riƙa rubuta masa yadda ake ciki kullum. Ba wanda ya yi shawara da wani, aikin ya faɗo kaina. Kowace safiya in durƙusa a bakin labule da ɗan littafi, in tambaye shi abin da ya ci, ko ya yi amai, ko ya zaga, da launinsa. Babu Hajiya a tsakani. Yana amsa mini kai tsaye, wani lokaci har ya ƙara da abin da ban tambaya ba, inda ya fi yi masa ciwo, da abin da ya hana shi barci. Har yanzu ba na kallon fuskarsa, shi ma bai kira sunana ba. In na taso sai in tarar da mijina da Hajiya a tsakar gida suna jirana, su ji yadda mutumin da ke taku goma daga inda suke ya kwana. Gwaggonni suka samu abin faɗa, wai an kawo marar kunya gida tana titsiye surukinta. Da a da ne da na rama. A lokacin ko kallonsu ban yi ba.

Bayan an yi girbi jikin ya ƙara sauka. Na kai wa likita littafin, ya duba shafukan ƙarshe, ya rufe, ya ce in daina wahalar da dattijo da tambayoyi, yanzu maganin rage ciwo ne kawai ya rage. Na ji wani irin sauƙi da na ji kunyar jinsa. Washegari na kai kunu bakin labule, na gaishe shi, ya amsa da ƙyar. Na yi masa sannu, na yunƙura zan tashi.

"'Yar nan," ya ce daga ciki. "Yau ba ki tambaye ni ba."

Na koma na durƙusa. Babu littafi a hannuna, babu biro, babu wanda zan kai wa amsar. Na fara daga abin da ya ci, na bi su ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshen, shi kuma yana amsawa a hankali, yana hutawa, bai bar ko ɗaya ba. Kwana tara ya ƙara a duniya, kuma kowace safiya na tambaye shi.